Ponnutai Mai Fure da Hannun Ayya Sudalai

A da, duk wanda ya sauka a mararrabar garinmu, Melakkarai, abu biyu yake fara gani: mutum-mutumin Ayya Sudalai a cikin kejinsa na ƙarfe, da Ponnutai zaune a gindinsa tana ɗaura fure a zare. Haka abin ya kasance sama da shekara ashirin. Ni ne Maidin mai faci, rumfata tana tsallaken titi daidai saitinsu, don haka abin da zan faɗa a kan idona ya faru.

Ayya laƙabin girmamawa ne a wajenmu. Ayya Sudalai shi ne ya jagoranci masu kwasar gishiri na Unguwar Ƙasa lokacin da suka ƙi fita aiki sai an bar su su ɗebi ruwa a rijiyar gari kamar kowa. Bayan mutuwarsa suka haɗa hannu aka zuba siffarsa da siminti, aka shafe ta da fenti ruwan zinariya, hannun dama a ɗage, yatsa yana nuna gabas inda filayen gishiri suke. Matsalar ita ce Unguwar Sama ma, ta masu gonaki da motocin haya, a gabas take, gada ce kawai ta raba. Su kuma suka ce ai su yake nunawa da yatsa.

Mutanen Unguwar Ƙasa suna son mutum-mutumin nan so na gaske. Ango da amarya ba sa wucewa gida sai sun tsaya gabansa. Wanda ya sayi sabon babur nan yake fara kawo shi. Kowa kuma sai ya rataya masa sarƙar fure, shi ya sa Velsami, mijin Ponnutai, ya kafa tebur a wurin. Ita a gida take ɗaura furen, shi yana sayarwa.

Wata shekara aka wayi gari wani ya rataya wa Ayya tsofaffin takalma a wuya. Kafin azahar shaguna suna ci da wuta. Velsami ya fita tun asuba saro fure a birni, bai san abin da ake ciki ba. Motar da ya shigo aka tare a bakin gada, ana tambayar kowane fasinja a wane layi gidansa yake. Bai dawo gida da rai ba. Kwandonsa dai an kawo wa Ponnutai, furen ma bai yi yaushi ba.

Bayan wannan ne hukuma ta kewaye mutum-mutumin da keji, aka sa kwaɗo, aka bai wa 'yan sanda makulli. Ponnutai kuwa tana gama zaman makoki ta ɗauko 'yarta Sornam ta zauna a teburin mijinta. Gajeriya ce, mai ƙarfin dantse, bakinta kullum ja da ganyen da take taunawa, kuma ba a gama magana da ita a ci riba. Tana sayar wa kowa. Matan Unguwar Sama ba sa iya haƙura da farin furenta na sa wa a gashi, sai dai mazansu ba sa sauka daga babur, daga zaune suke miƙo hannu suna kallon wani wuri.

Ɗan sandan da aka ɗora wa tsaron kejin, Irulandi, mutum ne mai tumbi da son inuwa. Da ya gaji da kwashe ruɓaɓɓen fure kowace safiya, sai ya miƙa mata makullin. Tun daga nan ita ce mai shiga ta share, ta hau ɗan tsaninta ta goge kashin hankaki daga kan Ayya, tana yi masa faɗa kamar tsohon maƙwabcin da ya ishe ta.

"Tsoho, ka ci mini miji, yanzu kuma ni ce mai wanke maka kai. Ka sauke hannun nan mana ka huta, mu ma mu huta."

Ni takan ƙwala mini kira daga tsallake: "Bai! Shayin nan da ka sha kai kaɗai, a maƙoshi zai tsaya maka." Bai suke ce wa Musulmi a wajenmu. Ni kuma Akka nake ce mata, wato Yaya.

A shekarar da nake ba da labari, ranar tunawa da Ayya ta zo gari yana a ɗame. An yi wata hatsaniya a wajen wasan ƙwallo, an fasa kan wani yaro. Aka rufe makarantu da shagunan giya. Motocin 'yan sanda suka jeru a bakin gada. Mai sayar da wainar shinkafa na kusa da ni ya kwashe tukwanensa ya tafi ƙauye wajen surukansa. Mutane suna tafiya da sauri, ba mai tsayawa hira.

Ana jibi taron, ina buɗe rumfa na ga Akka a cikin keji, ta juya wa titi baya, ba ta motsi. Ba ta yi mini tsiyar shayi ba. Can ta fito da kwando a kai ta tsallako, ta ajiye shi bayan tulin tayoyina, ta ɗaga furen da ke sama. Hannun Ayya ne a ciki, ya karye daga wuyan hannu, yatsan yana nan a miƙe. Kusa da shi akwai guntun rodi, an ɗaura masa ƙyalle mai launin tutar Unguwar Sama.

Na ce, "Innalillahi. Su ne?"

"Wanda ya karya ya so a ce su ne. Ko su ɗin ne, ko wani ne daga cikinmu da yake jin yunwar faɗa, ni ban sani ba. Jefa rodin nan cikin tarkacenka. Ba ni waya da gam ɗin nan naka mai kama ƙarfe."

"Akka, ki faɗa wa Irulandi."

"Irulandi? Kafin ya gama shan ruwa rabin gari ya ji."

Na ce to bari in zo in kama mata. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai? Da wannan hular? Ko inuwarka kada ta shiga kejin nan. Ana ganinka da hannun Ayya, faɗan mutum biyu ya koma na mutum uku."

Tun kafin ta tsallako ta riga ta naɗe dungun da fure. Da rana ta take, titi ya yi tsit, ta rataye dogayen sarƙoƙin fure a jikin kejin ta gefen titi kamar labule, ta hau tsani. Ina zaune ina buga wata tayar da ba abin da ya same ta, idona a kan hanya. Da ta sauko, hannun ya koma wurinsa, ta naɗe mahaɗar da farin fure mai kauri. Yatsan ya ɗan sunkuya, amma sai wanda ya saba kallonsa kullum zai gane.

Washegari Selladurai ya zo duba wuri. Shi ne shugaban matasan Unguwar Ƙasa, ɗan maƙwabciyarta ne, ta goya shi yana jariri. Ya shigo da mutanensa, duk sanye da riguna masu hoton Ayya.

"Attai," ya ce mata, wato Gwaggo, "wannan furen na hannu a cire shi gobe, za mu wanke Ayya da madara."

"Wanke shi har ya yi fari irin naka haƙoran. Amma wannan alwashi na ɗauka saboda kawunka Velsami. Wanda ya taɓa, ni da shi."

Ya yi dariya, ya taɓa ƙafarta, ya ce ba mai taɓawa.

Ranar taro manyan motoci suka yi ta shigowa daga ƙauyuka, samari a kan rufi suna kaɗa tuta. Ganguna suka cika kunne. Na ja ƙofar rumfata na bar ɗan tsagi. A can tsallaken gada kuwa mazan Unguwar Sama sun hau soraye sun yi shiru, ba ka ganin mace ko yaro.

Selladurai ya cika alkawari. Ya zuba madara daga ka, ya kauce wa hannun. Har na fara sakin numfashi. Sai ga wasu baƙi daga wani gari, ba su san da wani alwashi ba, sun ɗauko wata ƙatuwar sarƙar fure da sai mutum huɗu suka iya ɗagawa. Na ga Akka tana kutsawa tana ɗaga murya, ganga ta haɗiye muryar. Wuyan Ayya ya riga ya cika, sai suka ɗora ta a kan hannun.

Hannun ya sunkuya a hankali, ya ɓalle, ya tsaya yana reto a jikin waya.

Gangunan gaba suka fara yin shiru, sannan na baya. Ban taɓa jin taro mai yawa haka ya yi tsit ba. Daga nan sai kawuna suka fara juyawa wajen gada, ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce, "Sun taɓa Ayya." Wani ya maimaita da ƙarfi. Na ga samari suna zare sandunan tuta.

Ban ga lokacin da ta hau dakalin Ayya ba. Sai dai na gan ta a tsaye kusa da ƙafar mutum-mutumin, ta ƙwace abin magana daga hannun Selladurai.

"Ni na karya! Ku dube ni, ni Ponnutai matar Velsami! Shekaranjiya tsanina ya zame na kama hannun, ya biyo ni. Tsoro ya sa na ɗaure. Ku duba ɗaurin, wa ke irin wannan ƙulli in ba mai fure ba? Makulli a wajena yake, wa zai shiga in ba ni ba?"

Ta ɗaga makullin sama. Abin da ta faɗa wa Selladurai bayan nan ban ji ba, daga baya ita ta gaya mini. Ya matso ya ce a hankali, "Attai, ƙarya kike. Na ga bakin karayar, dukan ƙarfe ne." Ta ce, "To karɓi abin maganar ka faɗa musu. Gidanku ne na farko daga gada, uwarka kuma tana kwance ba ta iya gudu."

Dutse ya taso daga cikin taro ya same ta a gira, jini ya rufe mata ido. Selladurai ya diro ƙasa, ya nufi teburinta, ya kifar da shi da ƙafa, yana zaginta da sunan da ba a kiran uwa da shi. Taron ya bi shi, aka bar kallon gada. Suka tattake kwanduna, suka kakkarya teburin Velsami, suka yayyaga 'yar rumfarta. Kafin su gama huce haushi 'yan sanda sun shiga tsakani, sun fitar da ita. An fasa gilasan motoci a ranar, an ƙona wani ɗan shago, amma ba wanda ya tsallake gada.

Dattawan unguwa suka zauna a kanta. Suka ce albarkacin mijinta ba za a kai ta kotu ba, amma kada a sake ganinta a mararraba, kuma kada wani ɗan Unguwar Ƙasa ya sayi furenta. Matan da ta yi shekaru tana ƙulla wa furen biki suka daina amsa gaisuwarta. Ba ta roƙi kowa ba. Ta rufe ɗakinta ta koma wajen Sornam, wadda ke aure a wani gari can bakin teku.

An sauke Ayya na siminti, an kawo na tagulla wanda ya fi shi tsawo. Makulli ya koma ofishin 'yan sanda, Irulandi an mayar da shi wani ƙauye.

Bara na kai mata ziyara. Na same ta a bakin tashar mota, a ƙasa kan buhu, da ɗan tire na fure. Ta tsufa, tabon yana nan ya raba girarta biyu. Ta sa jikarta ta kawo mini shayi, ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Gari lafiya?"

Na ce lafiya lau. Ta ci gaba da ƙulli, ba ta ɗago ba.

"Bai, kai ba ka iya ƙarya ba."

Sai na faɗa mata. Mutanen Unguwar Sama sun sayi filin da ke bayan rumfata, sun zuba dakali, sun kawo nasu mutum-mutumin, wani kakansu a kan doki da takobi a zare. Yana nan a naɗe da tamfol, fuskarsa tana kallon Ayya, titi ne kawai tsakaninsu. Hukuma ta hana buɗe shi, su kuma sun ce bayan girbi za su buɗe ko an yarda ko ba a yarda ba. Kowace safiya ana samun igiyar tamfol ɗin an yanke ta a wani wuri.

Yatsunta suka tsaya a kan zaren.

"Rumfarka a tsakiya ke nan."

Na ce haka ne.

"Ka nemi wani wuri, Bai. Tayoyi suna da saurin kama wuta."

Mota ta tsaya, wata mata ta leƙo ta taga tana neman fure. Akka ta miƙe da ƙyar, ta auna mata kamu biyu, ta yanke zaren.