Yaya Umaru da Geron da Ya Ƙone

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar yayana Umaru, malamin gona, kuma har yau a ƙasar Tambuwal akwai tsofaffin da in an ambace shi sai su ce, "Af, wanda ya ƙone geron Mamman." Ni ban iya kewaye-kewaye ba. Boko ma sai da na yi jikoki na shiga ajin manya. Yadda abin yake, haka zan faɗe shi.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, zamanin Jihar Arewa, aka turo Yaya gida da buhunan takin zamani. Mutanenmu ba su san wani taki ba sai na shanu. Bayan girbi Fulani su sauka a gonarka, shanu su kwana, iya yawan kashin iya kyan gona. Wanda ya tashi a haka, in ka miƙa masa farin abu ka ce taki ne, zubawa zai yi har ya tara tudu. Abin da Yaya ke tsoro ke nan. Kullum maganarsa guda: ɗan kaɗan, nesa da gindin shuka, a rufe da ƙasa, kuma sai ƙasa na da laima.

Wata rana ina yankan albasa na tambaye shi dalili. Ya barbaɗa gishiri a kan yanka ɗaya, ya ce in jira. Can sai ruwa ya tsattsafo, albasar ta yi yaushi.

"Hauwa, wa ya zuba ruwan ga?"

"Kai ka sani, ɗan boko."

Ya ce jikin kowace shuka ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, kowane da siririn tantani a kewaye. Ruwa na ratsa tantanin, gishiri ba ya ratsawa da sauƙi, ruwan kuma ɓangaren da gishiri ya fi yawa yake bi. Haka saiwa ke shan ruwa daga ƙasa. Takin zamani ɗan'uwan gishiri ne, in aka tara shi jikin saiwa sai abin ya juye, ƙasa ta tsotse shuka. Na ce masa, "Ɗakuna cikin albasa? To su wa ke kwana ciki?" Ya yi ta dariya.

Gonar gwaji a wajen Jabo aka yi ta, a filin amininsa Mamman, wanda ya ci tuwon gidanmu har Inna na kiransa ɗanta. Aka ce manyan ofis za su zo gani. Yaya ya tafi Kebbe wani aiki, ya bar wa Mamman ragowar buhuna amana. Mamman na son geronsa ya fi na kowa tsawo ranar baƙi, sai ya bi gindi-gindi yana zuba cike da hannu. Da idona na gani, na kai wa masu noma fura. Na ce Yaya ya hana. Ya ce, "Mace mi ta sani ga noma?" Ruwa kuma ya ɗauke.

Baƙi suka tarar da gero ya yi rawaya, bakin ganye ya bushe kamar an bi shi da wuta. A gaban hakimi aka tambayi Mamman. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Abin da Umaru yac ce, shi niy yi." Yaya ya dube shi kawai. Ni ba a kira ni ba, mace ce, kuma ƙanwa. Aka cire Yaya daga aikin gona aka mai da shi tsaron sito. A kasuwa yara na bin shi da "mai guba". Ba zan ce baƙin ciki ya kashe shi ba, ajali na Allah ne, amma har ya rasu bai sake taka Jabo ba.

Da na shiga ajin manya, malamarmu ta kai mu wata sakandare, aka sa fatar albasa ƙarƙashin madubin ƙara girma. Na ga ɗakunan a jere kamar tubali. Aka ɗiga ruwan gishiri, abin da ke ciki ya takure ya rabu da bango ina kallo. A gaban 'yan mata sa'o'in jikokina na yi kuka.

Yau takin nan har faɗa ake yi a kansa. Mamman ya zama Alhaji, 'ya'yansa ke sayar da shi, a taro kuma ana yabonsa cewa shi ya fara karɓar sabon noma a ƙasarmu. Da Yaya zai leƙo, na san shi, murna zai yi, ya tsugunna ya gyara wa wani manomi hannu. Shi mai sanyin zuciya ne. Ni ba haka aka yi ni ba.

Iliminsa ya tsaya, ana cin abinci da shi daga Sanyinna har Kebbe. Sunansa ne ba a wanke ba, kuma shaidu biyu suka rage, dukanmu mun tsufa. Watan jiya na je har zauren Mamman na ce ya faɗi gaskiya a gaban 'ya'yan Umaru. Ya ja carbi ya ce, "Hajiya Hauwa, a bar wa Allah."

Hukunci na bar wa Allah, Mamman. Shaida kuwa ga tawa a jarida, saura taka. Allah Ya jiƙan Yaya Umaru, Ya ba ka kwanan da za ka buɗe baki.