Ranar da Hajiya Ta Ɗauka Aljanuna Ne Suka Tashi

Jiya ina cikin keke Napep a Dutse hadari ya haɗo, aka kwaɗa wata tsawa. Nan take ƙirjina ya hau dukan uku-uku.

Tun da ambaliya ta riƙa cin gidanmu a Taura, damina bayan damina, haka nake fama. Likitar da nake gani ta koya min dabara: in tsoron ya taso, in kafa tafin ƙafata a ƙasa, in ja numfashi a hankali, in riƙa ambaton abin da idona yake gani har hankalina ya dawo jikina.

Sai na zare takalmi na fara: "Akuya... mai rake... jar mota..."

Ashe a fili nake yi! Wata dattijuwa a gefena ta damƙe hannuna, ta hau tofa min addu'a. Ta ce da mai keke, "Tsaya, ɗan nan, mutanenta ne suka zo!"

Na ce, "Hajiya, wallahi ba aljanu ba ne, magani ne." Na yi mata bayani.

Ta ƙare min kallo. Can ta ce, "To 'yar nan, ai magani ba a yi masa ha'inci. Kin tsallake mai awara."

Mai keke ya ce, "Ga kuma rami!" Muka faɗa ciki.

Haka muka yi ta lissafi muna dariya, ban ma san an kece da ruwa ba. Har na zo sauka Hajiya ba ta saki hannuna ba.

Ku fa, in zuciya ta gudu ta bar ku, da me kuke kamo ta?