Irin Masarar da Na Sayar wa Kawu

Kafin sunana ya ɓaci, ni ma'auni ne a kasuwar hatsi ta garinmu, Ƙofa. Boko a aji shida na tsaya, allo kuwa na yi izu uku. An san ni da sahun gaba a masallaci. Ina rubuta wannan ne don samari masu tasowa, ba don a ji tausayina ba.

Da tiya abin ya fara. Na lura in na ɗan buga gindinta ya loɓa ciki, kowane awo zan rage cikin tafi guda. Sai na ajiye tiya biyu, ta saye daban, ta sayarwa daban. Shekara biyu ba wanda ya gane. Da na ga ban yi ciwo ba, kasuwata ba ta mutu ba, na ce a raina ashe Allah bai ɗauki abin da zafi ba.

Ana nan sai abokina Ɗanlami ya zo da shawara. Mu sayi tsohuwar masara da ta daɗe a sito, mu shafa mata jar kala, mu ɗaure a leda mai tambari, mu kai Tudun Wada da Doguwa a matsayin ingantaccen iri. Zuciyata ta yi rawa. Na je wurin Malam Isiyaku, wanda ya koya mini karatu tun ina ƙarami, na roƙe shi ya yi mini istihara a kan sabuwar sana'a. Ya tambayi wace iri ce. Na yi ta kewaye-kewaye har ya gane.

Ya ce, "Ba ni na rubuta maka surar masu tauye mudu a allonka ba? Abin da Allah ya riga ya ba da amsarsa a Littafi, me za ka je nema a mafarki?"

Na fita ina jin haushi. Na yi sallar da kaina, na kwana lafiya ban ga komai ba. Washegari na gaya wa Ɗanlami an buɗe mana hanya. Gaskiyar magana, amsar da nake so na je nema, ba nufin Allah ba.

Ranar kasuwar Tudun Wada, gab da faɗuwar damina, manoma sun kewaye ni suna juya ledar suna shakka, sai ga Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata. Gonarsa ɗaya ce tak, wadda aka ba iyayensu bayan ruwan dam ɗin Tiga ya cinye garinsu. Ya yi dariya ya ce ashe ɗan Hajara ya zama mutumin kamfani. Sannan ya juya ga mutane.

"Ku saya kada ku ji komai. Ɗana ne, a gabana aka raɗa masa suna."

Ya miƙo hannu ya ce in zaɓo masa mai kyau. Kalma ɗaya ta isa in tsayar da shi, amma da na faɗe ta, kasuwa za ta watse a kaina. Na ɗauki leda uku na ba shi. Har addu'a ya yi mini.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Bayan mako biyu gonaki suka fito tsilli-tsilli, wasu ma ko tsiro babu. Aka sake shuka a makare, ruwa ya ɗauke masara ba ta nuna ba. Gidan Kawu mutane suka nufa, tunda da bakinsa suka saya. Aka kai shi gaban mai gari, aka kira shi abokin macuci, shi da ya tsufa ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Ni kuwa a Kiru aka kama ni da sauran ledojin. Ɗanlami ya gudu. Alƙali ya ba ni shekara uku.

A gidan yari akwai wani dattijo da ke jan mu karatu bayan asuba. Ranar da muka zo kan surar nan, na soma, muryata ta ƙi. Babu kalmar da ban sani ba a ciki. Shekara ashirin tana kaina, ban taɓa yarda da ni take magana ba.

Da aka sake ni, kafin in je gida na wuce gonar Kawu. Na durƙusa na ce, "Kawu, ka yafe mini." Ya ajiye fartanyarsa.

"Nawa na yafe tun a waccan shekarar," in ji shi. "Amma mutum tara suka saya saboda ni. Tashi mu je."

Gida gida ya bi da ni a ƙafa. Shida sun yafe. Ɗaya ya rasu, matarsa ta ce ba ta da ikon yafe abin da ba nata ba. Biyu ko tabarma ba su shimfiɗa mana ba.

Yanzu na koma awo, da tiya ɗaya. Ku samari, in abu ya shige muku duhu, ku buɗe Alƙur'ani, ku tambayi masu sani, kuma ku karɓi amsar ko ba ta yi muku daɗi ba. Kada jinkirin hukunci ya ruɗe ku kamar yadda ya ruɗe ni. Duk Sallah ina komawa gidajen nan biyu in yi sallama. Har yau ba a ce in shigo ba.