Hoton Zuciyar da Ba ta Baba Ba ce

Yau shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Sule kafinta na Dutsen Kura. Kafin in ce komai, ya kamata in bayyana madogarata: ambulan guda mai ɗauke da hoton zuciya da takardar sakamako, abin da mahaifiyata Inna ta tuna, da abin da na gani da idona. Takardar ta nuna shekarar 2006, amma ranar ta dushe. Inna ta ce kafin babbar Sallah ne, ni kuwa ina zaton bayanta ne. Ban iya warware wannan ba.

Baba ya daɗe yana haki idan ya ɗaga katako, ƙafafunsa kuma suna kumbura. Likita ya ɗora shi kan magani, ya tura shi a yi masa hoton da ake kira eko. Na'ura ce da ake gogawa a ƙirji, ta nuna yadda tsokar zuciya ke matsewa da yadda jini ke ratsa ta. A wancan lokaci wani ne ke kawo na'urar daga wani gari, ranar Asabar kaɗai, zuwa wani asibiti mai zaman kansa da ba zan ambata ba. Akan duba mutane a jere, a tara hotuna a kan tebur, sai an tashi sannan a zuba su cikin ambulan a rubuta sunaye da biro.

Takardar Baba ta ce lafiya lau. Bai koma wurin likitansa ba, domin a ganinsa magana ta ƙare. Duk wanda ya zo dubiya sai ya miƙa masa hoton yana dariya: "Gani ya kori ji! Zuciyar saurayi gare ni. Inna, ki shirya, noma zan koma." Ya ajiye magani, ya koma shago. Bayan kamar wata huɗu ya faɗi a gefen teburin aikinsa, rai ya yi halinsa.

Bara, da na kammala jami'a, ina tattara takardunsa sai maƙwabciyarmu Mama Rifkatu, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, ta shigo. Ta ɗauki hoton, ta gyara tabarau, ta daɗe tana duban ƙaramin rubutun da na'ura ke bugawa a samansa.

"Ɗana, wannan ba na Baba ba ne," in ji ta. "Duba nan. Mace ne, shekara ashirin da bakwai."

Na duba. Sunan ya riga ya goge, amma alamar mace da shekarun suna nan. Sunan Baba yana jikin ambulan ne kawai.

Na je asibitin. Wanda na tarar bai ko karɓi takardar daga hannuna ba. Ya ce mai na'urar ya daina zuwa, kuma ai kwana ne ya ƙare. Na yarda kwana ya ƙare. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne a mai da ƙaddara tabarmar da ake shimfiɗawa a kan sakaci. Baba mutum ne da ba ya sa zarto a katako sai ya auna sau biyu. Na taɓa ganin ya wargaza ƙofar da ya gama saboda ta karkace da kaurin farce, alhali mai ita bai lura ba. Da zai ga yadda aka yi da ma'aunin zuciyarsa, ina jin tofar da yawu zai yi ya juya.

Adalci ya tilasta mini in ce ban san abin da hotonsa na gaskiya ya nuna ba, kuma ba zan rantse cewa da ya same shi da ya rayu ba. Na dai san ba zai ajiye magani ba. Yau na'urorin sun ƙaru, amma har yanzu ban ga mai jinya yana duba saman hotonsa ba. Ina roƙon mai karatu ya duba.

Ƙofofin Baba suna nan a gidajen Dutsen Kura, ba wadda ta karkace. Hoton kuwa kullum ƙara dushewa yake. Allah ya jiƙansa. Amma idan zuciyar wata matashiya ce a ambulan ɗinsa, to tasa tana cikin nata. Wace ce ita, kuma me aka yi mata a kan ciwon da ba nata ba?