Khem da Duwatsun da Ba Ya Gani

Shekara talatin Khem Gurung yana hawa da baƙi tudun Sarangkot, su ga fitowar rana kan duwatsu. Bana yanar ido ta kama shi, amma ya ɓoye, don ya san kamfaninsu na yawon buɗe ido da ke garin Pokhara zai sallame shi. Wurin kowane dutse a kansa yake.

Ranar Talata ya miƙa hannu ya ce, "Ga dutsen Machhapuchhre can!" Ashe gajimare ya rufe komai.

Sunmaya mai sayar da shayi ta matso, ta raɗa masa, "Haba Yaya, gajimare kake nuna wa mutane? Gobe ka tambaye ni tukuna."

Tun ranar, ba ya ɗaga hannu sai ya sha shayinta.