Jan littafi da shuɗin littafi

Shagon Anti mai fotokofi bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba: inji ɗaya mai tari kafin ya tashi, fanka, da benci na masu jira. Shekara goma sha bakwai tana nan. Karatunta a sakandare ya tsaya, amma duk takardar da aka miƙo sai ta karanta abin da ke samanta kafin ta kifa a gilashin injin. Wasu suna cewa gulma ce. Ni ma na faɗa.

Ina aiki a sito na wani kamfanin magunguna. Bara suka ce za su ba ni hutun karatu in na ci jarrabawar shiga makarantar koyon kasuwanci, kuma shekara guda tayin zai yi, in ta wuce a ba wani. Na aro littattafai biyu na jarrabawar gwaji daga laburare, shuɗi da ja. Shuɗin ya ƙaunace ni, duk gwajin da na yi sai maki ya tashi, har maigidana ya fara kirana manaja. Jan kuwa sau biyu na taɓa shi, sau biyu lokaci ya ƙare ina tsakiyar lissafi. Na yanke masa hukunci cewa marubucinsa mugu ne.

Na kai wa Anti shuɗin ta buga mini sauran gwaje-gwajen. Ta juya shi, ta leƙa jakata, ta tambaye ni ina ɗan'uwansa. Na ce wancan ɓata rai kawai ya iya. Ta zaro shi da kanta, ta nuna mini alamun fensir na waɗanda suka riga ni: cunkus a farko, daga shafi na arba'in fes, kamar ba a taɓa buɗewa ba. A nan kowa yake gudu, in ji ta.

Raina ya ɓaci. Na tambaye ta, da ɗan gatse, ko ta taɓa zama jarrabawar.

"Ban taɓa ba, ƙanwata," ta ce. "Amma duk wanda aka ɗauka, nan yake kawo takardar shiga in buga masa. Ina gane fuska. Masu shuɗin nan ba su cika dawowa ba."

Kunya ta rufe ni, tsoro kuma ya biyo baya, don saura mako bakwai. Ta buga mini jan daga shafi na arba'in zuwa ƙarshe, ta ce in sa agogo a gabana, kada in ji tausayin kaina.

Makonnin nan ba su yi daɗi ba. Makina ya faɗi, maigida ya daina kirana manaja, ya koma ɗauke yaranmu ranar Asabar don in samu karatu. A gwaji na shida na gama da sauran minti biyu, na zauna ina kallon agogo kamar sabon abu. Ranar jarrabawa tambayoyin suka zo da irin halin jan, sai dai wannan karon na san halin.

Da takardar shiga ta fito, ban biya gida ba, sai shagon Anti. Ta karanta ta tun daga sama har sa hannu. Ta goge gilashin da bakin mayafinta, ta tambaya guda nawa. Na ce biyu.

Uku ta buga. Ta karɓi jan littafin da zan mayar, ta buɗe shafi na arba'in, ta saka ta ukun a ciki.

"Wanda ya ara bayanki," ta ce, "in ya iso nan, ya gani."