Abin da ya sa nake sa muku dogayen waƙoƙi

Salamu alaikum jama'a. Na san na yi shiru da yawa. Tun kafin azumi ba ku ji muryata a rediyo ba, nan ma ban rubuta komai ba. Wasu sun ce wai Umra na tafi. Ban je ko'ina ba, kwance nake.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne mai shirin safe a wata 'yar tasha nan Zinder, ina gaya wa mutane abin da ya faru a rana irin ta yau: wane sarki ya hau gadon Damagaram, wane mashahuri aka haifa, wace waƙa ta fara fita. Daga nan in sa waƙar.

Bara kun yi ta yabona, wai na farfaɗo da tsofaffin waƙoƙi, ina sa su tun daga farko har ƙarshe ba na yankewa. Yau zan gaya muku gaskiya. Ba kishin gargajiya ba ne. Fitsari ne.

A hankali abin ya fara. Ya matse ni, in je bayi, in tsaya, sai ɗigo-ɗigo. In dawo in zauna, ya sake matsa ni. Shirin kuma kai tsaye ne, ba a barin makirfo shiru. Sai na koma zaɓen waƙa da tsawonta. In mawaƙa biyu suka haɗu a rana ɗaya, mai doguwar waƙa shi ya ci. Akwai matashin da ranar haihuwarsa ta wuce ban ambace shi ba, don waƙoƙinsa ba su isa su kai ni bayi su dawo da ni ba. Allah Ya sa ya yafe mini.

Lawali, teknisiyen tashar mai kula da na'urori, sa'an ɗana ne. Wata rana ya ce, "Baba, lafiya dai ko? Ko shayin ne ya yi yawa?" Na ce shayin ne.

A gida, matata Hadiza ta lura da yawan alwalar da nake sakewa, na ce mata sanyi ne. Na sayi saiwa wajen mai magani a kasuwa, na ce masa ta abokina ce. Na sha jiƙo har bakina ya daina jin ɗanɗanon miya. Mutum da furfurarsa, da surukansa, ya buɗe baki ya ce gabansa ke damunsa? Na kasa.

Ranar da asirina ya tonu, ina cikin ba da labarin yadda Zinder ta taɓa zama babban birnin ƙasa kafin a koma Yamai. Tun asuba fitsarin ya tsaya cak. Marata ta kumbura ta yi tauri, zufa na zuba. Ina tsakiyar magana muryata ta ɗauke. Lawali ya yi maza ya sa waƙa, ya zagayo, ya tarar da ni durƙushe ƙarƙashin tebur.

Ɗana na fari aka kira. Yaron da ko sunansa ba na faɗa saboda kunya, shi ya riƙe mini wando a asibiti aka sa mini sond, robar da ke fitar da fitsari. Na juya fuskata bango. Wallahi zafin bai kai kunyar ba.

Aka ɗebi jini, aka yi eko, wato hoton ciki. Likita ya ce prostat ne, wani ƙullutun nama a ƙasan mafitsarar maza, ya kumbura ya toshe hanya, fitsarin yana komawa baya har ya fara taɓa ƙoda. Ya dube ni ya ce, "Malam, wannan ai ba na jiya ba ne. Me ka tsaya jira?"

Suka ɗauki ɗan nama suka tura a duba ko kansa ce, wato ciwon daji. Kafin sakamakon ya dawo na ji tsoro sosai, ko tuwo ba ya wuce mini. Da ya zo, ba ita ba ce.

Kuɗin aiki da na magani a farmasi sai da Hadiza ta sayar da tumakinta. Ba ta yi mini gori ba. Abin da ta ce kawai, "Malam, ɗaki ɗaya muke kwana, ni za ka ɓoye wa?"

A gadon da ke kusa da nawa akwai wani manomi daga Zermu, Malam Habu. Ciwonmu ɗaya, sai dai shi ya fi ni daɗewa yana ɓoyo. Ƙodarsa ta riga ta lalace, ƙafafunsa sun kumbura. Ina roƙon ruwa ya ɗago kai ya ce, "Kai ne na rediyo?"

Na so in musa, don ga jakar fitsari rataye a gefen gadona. Amma murya ba ta ɓoyuwa.

Ya yi murna ƙwarai. Ya ce a gona yake saurarena, rediyonsa rataye a reshe. Can sai ya ce, "To amma Malam, kullum kana gaya mana wanda aka haifa a ƙasashen da ba mu ma san inda suke ba. Wannan da ke cin mu a nan, ko sau ɗaya ba ka faɗa ba. Da daga bakinka na ji, da na zo da wuri."

Ba da faɗa ya yi maganar ba, yana murmushi ma. Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

An yi mini aiki, an cire sond, ƙodar ta farfaɗo. Yanzu ina sallah da alwala ɗaya hankali kwance. Alhamdu lillahi. Ina gode wa likitoci da masu jinya, da Lawali da bai gaya wa kowa yadda ya same ni ba, da ɗana, da Hadiza. Allah Ya saka muku.

Maza 'yan uwana, musamman waɗanda gemu ya fara fari: in fitsari ya fara yi muku gardama, ko yana yawan matsa ku, ko yana fita da ƙyar, ku je asibiti tun kuna tafiya da ƙafarku. Ku gaya wa matanku. Jiƙo ba ya buɗe wannan hanyar, na gwada.

Malam Habu ya rasu ana gobe za a sallame ni. Ku sa shi a addu'a. In kuma akwai dattijo a gidanku da ba ya karatu, ku zauna ku karanta masa wannan, ko da zai ce ba ku da kunya.